Na'urar pinbol ta 1977 ta ƙyafta sau shida ta tsaya: me ke cikinta, kuma za ta gyaru?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran talabijin da rediyo ne a Kano. Wani maigidana mai shigo da kayan Beljiyam ya tarar da na'urar wasan pinbol a cikin kwantena, an rubuta Bally Eight Ball a gilashinta, ya ce in duba ko za ta tashi. Ni dai a kwamfuta na san wasan nan, wanda ke zuwa da Windows XP. Da na buɗe kanta sai na ga fanel-fanel masu ai-si, amma ƙarƙashin filin wasan duk kwayil ne da wayoyi. Idan na kunna, wasu fitilu suna kamawa, wata 'yar ƙaramar fitila a kan babban fanel ta ƙyafta sau shida ta tsaya, shi ke nan. Don Allah wace irin na'ura ce wannan, ta kwamfuta ce ko ta rile? Me ya sa aka haɗa ta haka? Kuma za ta gyaru a nan, ko in ce wa maigida ya sayar wa 'yan jari-bola?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka bari 'yan jari-bola su ji labarinta. Abin da ke gabanka yana cikin na'urorin pinbol na farko-farko da aka sa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ƙyaftawa shidan da ka ƙirga albishir ne. Na yi shekaru ina aiki a wani shagon gyara a Hambug ta ƙasar Jamus, a ƙarƙashin wani dattijo da ke ba da hayar irin waɗannan na'urori ga gidajen abinci da na shaƙatawa, kuma Bally na wannan zamanin su ne suka fi ratsa hannuna. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: jinsin na'urar, dalilin da ya sa rabinta ya yi kama da kwamfuta rabi kuma ya yi kama da cikin tsohuwar mota, da kuma ko wahalar gyaranta za ta biya. Amsar na farko da na biyu ita za ta kai mu ga na uku, don haka ka yi haƙuri mu ɗan koma baya.

Kafin fanel ya zo

Birnin Shikago na Amurka shi ne mahaifar wannan sana'a. A 1931 David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball, ɗan akwatin katako mai ƙusoshi, babu wuta babu komai, ka harba ƙwallo da sanda mai sifirin ka zuba ido ka ga ramin da za ta faɗa. Shekara ɗaya bayan haka Raymond Moloney ya fitar da Ballyhoo, kuma daga nan sunan Bally ya samo asali. Harry Williams ya shigo da lantarki a 1933. Filifa kuwa, wato 'yan sandunan nan da ake bugun ƙwallo da su, sai a 1947 suka bayyana a kan Humpty Dumpty ta Gottlieb. Kafin filifa wasan sa'a ne zalla, wasu na'urorin ma kuɗi suke biya, shi ya sa aka ɗauke shi caca. Magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta shi a 1942, 'yan sanda suna farfasa na'urorin da guduma. Haramcin bai tashi ba sai 1976, bayan da wani gwani mai suna Roger Sharpe ya buga wasan a gaban 'yan majalisar birnin ya nuna musu cewa da iyawa ake yi. Ka riƙe wannan shekarar, za mu dawo mata.

Tun daga shekarun 1930 har tsakiyar shekarun 1970, duk lissafin na'ura rile ne ke yinsa, wato makunnin da maganaɗisun lantarki ke buɗewa da rufewa. Idan ka ɗaga filin wasan irin waccan za ka tarar da katako shimfiɗe a ƙasa, jere da rile barkatai, da wasu faifai masu haƙora da ke matsawa taki ɗaya duk lokacin da kwayil ya buge su, sannan a tsakiya wata 'yar mota mai juya faifai masu ƙusumbi, su kuma suna danna makunnai bi da bi. Wannan motar ita ce shugabar gida. A ce ka samu maki 5,000: rile ya kama, mota ta juya, ta aika bugu biyar zuwa tayar lamba ta dubbai, irin tayoyin da ke cikin tsohuwar mitar mota, kana jin kas-kas-kas har sau biyar. Matsalar ita ce yayin da motar ke wannan ƙirga, idan ƙwallo ta sake bugun wani abu mai buƙatarta, sau da yawa makin nan ya bi ruwa. Kuma na'urar ba ta da wurin ajiye tunani. Idan mutum huɗu suna wasa, makin kowa yana kan tayoyinsa, amma abin da ka tara a filin wasa yawanci yakan goge da zarar ƙwallonka ta faɗi, domin a riƙe wa kowa nasa sai an ninka rile sau huɗu.

Ga nauyi, ga tsada wajen haɗawa. Kowane rile da hannu ake daidaita shi, kowace waya da hannu ake yi mata dalma. Mai na'ura kuma kullum yana kan hanya da 'yar zartonsa yana goge bakin makunnai da tartsatsi ya ƙona.

Shekaru uku da suka sauya komai

Intel ta fitar da 4004 a 1971, ƙwaƙwalwar kwamfuta sukutum a kan ai-si guda. A 1974 Dave Nutting da Jeff Frederiksen, a Milwaukee, suka ɗauki wata na'urar Bally mai suna Flicker, suka kwashe kayan cikinta, suka sa fanel mai 4004, ta kuma yi wasa daidai da 'yar'uwarta ta rile. An nuna wa manyan Bally, amma ba su karɓi wannan ƙirar kai tsaye ba, suka gwammace injiniyoyinsu su yi tasu. Wani ƙaramin kamfani a jihar Arizona, Mirco Games, shi ya riga kowa kai irinta kasuwa da Spirit of '76 a 1975, sai dai ba ta yi ciniki ba. Bally ta gwada nata tsarin a kan 'yan ƙwayoyin Bow and Arrow, sannan ta fara sayar da Freedom mai fanel a ƙarshen 1976. Atari ta shigo da The Atarians a wannan shekarar. A 1977 sai kowa ya afka: Williams da Hot Tip, Stern da wata da ta sa wa suna Pinball kawai, Gottlieb kuma da Cleopatra a watan Disamba. Taka, Eight Ball, ta 1977 ce, George Christian ya tsara filinta, kuma an ƙera sama da 20,000. Babu na'urar filifa da ta wuce wannan adadi sai a 1992.

Ka ga an ɗage haramcin Niyok a 1976, Shikago ma ta bi baya ba da jimawa ba, wato kasuwa ta buɗe daidai lokacin da masana'anta ta samu hanyar ƙera na'ura da sauri da araha.

Mutane suna ɗauka don a ƙara wa wasa daɗi aka kawo kwamfuta. A ganina wannan ya zo daga baya ne. Wanda ke sayen na'urar ba shi ne mai wasa ba, ɗan kasuwa ne mai na'ura talatin ko ɗari a warwatse a shagunan mutane, yana raba kuɗin akwati da mai shago. Abin da ke damunsa uku ne: kada ta lalace, idan ta lalace a gano ciwon da wuri, kuma kada a cuce shi a lissafi. Buɗe ƙofar kuɗin taka, za ka ga ɗan jan maɓalli a ciki. Idan na'urar na aiki, duk dannawa ɗaya gwaji ɗaya ne: fitilu duka su yi ta ƙyaftawa, allunan lamba su ƙirga, kwayil su buga ɗaya bayan ɗaya kowanne da lambarsa, sannan ta nuna makunnin da ya maƙale. Ka ci gaba da dannawa ta faɗa maka yawan kuɗin da aka zura da yawan wasan kyauta da aka ci. A kan babban fanel kuma akwai 'yan makunnai 32 da ake saita farashi da su, da ƙwallo uku ko biyar, da sauƙin wasa ko tsaurinsa. Ita kuma masana'anta ta samu fanel iri ɗaya da za ta zuba a kowace sabuwar na'ura, abin da za ta sauya kawai ai-sin da ke ɗauke da dokokin wasan.

Har ila yau akwai tsoro. Makanikan wancan lokaci sun san rile kamar yunwar cikinsu, amma ba su taɓa riƙe ai-si ba. Saboda haka Bally ta riƙa fitar da wasu na'urorin kashi biyu, na rile da na fanel, kamar Freedom da Night Rider da Evel Knievel. Gottlieb, wadda ita ce sarauniyar zamanin rile, ba ta daina ƙera su ba sai 1979. Masu wasa ma an ji tsoron kada su ga abin baƙo, shi ya sa taka ba ta da lasifika, ƙararrawar ƙarfe ce a cikinta wadda kwayil ke bugawa. Abin dariya, a cikin Hot Tip har wata tayar lamba marar lamba Williams ta ɓoye, ba ta ƙirga komai, aikinta kawai ta yi kas-kas ɗin da kunne ya saba ji.

Abin da kwamfutar ta karɓa da abin da ta bari

Nan ne amsar tambayarka ta biyu. Sunan da Turawa ke kiran wannan jinsi da shi, solid state, yana nufin kayan lantarki da babu abin da ke motsi a cikinsu, amma sunan ya zarce gaskiya. Lissafi kawai kwamfuta ta karɓa. Aikin ƙarfi yana nan yadda yake, domin ƙwallon ƙarfe ce kamar ta boris, faɗinta milimita 27, nauyinta wajen giram 80, kuma babu ai-sin da zai harba ta sama a kan gangare. Sai kwayil mai jan ƙarfe da maganaɗisu. Don haka abin da ka gani a ƙarƙashin fili kusan duk gadon zamanin rile ne. Filifa ma a wannan zamani kwamfuta ba ta sarrafa bugunsu: rile ɗaya take kunnawa idan wasa ya fara, daga nan wuta na bi ta maɓallin gefen akwati kai tsaye zuwa kwayil. Kwayil ɗin filifa naɗi biyu ne, mai ƙarfi na bugu da mai sanyi na riƙo, kuma wani makunni a ƙarshen tafiyar filifa shi ke sauya aiki daga wannan zuwa wancan. Idan makunnin bai buɗe ba, ka riƙe maɓalli na ɗan lokaci, za ka ji ƙaurin kwayil.

Babban fanel ɗin da ke ƙyaftawa, lambarsa AS-2518-17. Ƙwaƙwalwarsa Motorola 6800 ce, tana gudu wajen rabin megahaz. Wurin rubutunta na wucin gadi ai-si 6810 ne mai bait 128, ba kilobait ba, bait. Akwai 5101 da batir ke riƙe wa wuta domin kada lissafin kuɗi da maki mafi yawa su goge idan an kashe. Sai ai-si biyu masu ƙafa 40, 6820 ko 6821, su ne ƙofofin da ƙwaƙwalwar ke magana da duniya ta cikinsu. Dukan dokokin wasan 'yan kilobait ne, hoto ɗaya a wayarka ya ninka su sau ɗaruruwa.

Ƙarancin ƙafafu shi ya haifi dabarar da na fi sha'awa a ƙirar nan. Makunnai sun kai 40, ba za a ba kowanne wayarsa ba. Sai aka saƙa su kamar tabarma, layi biyar a tsaye, takwas a kwance, kowane makunni a mahaɗar biyu tare da diyod ɗinsa, ɗan abin nan mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ƙwaƙwalwa ta sa wuta a layin farko ta saurari takwas ɗin, ta koma na biyu, haka har na biyar, ta sake zagayowa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Waya 13 ta wadatar da makunni 40. Williams ta yi takwas sau takwas, 64 ke nan, ta kuma yi wa fitilunta irin wannan saƙa. Illarsa ita ce diyod ɗaya ya mutu sai ka ga abin mamaki: ƙwallo ta taɓa nan, maki ya fito na can. Wanda bai san saƙar ba sai ya ce ƙwaƙwalwa ta haukace, alhali diyod ne na 'yan nairori.

Allunan lamba ma haka. Gilasai ne masu iskar gas da ke ba da hasken ruwan lemo, suna cin wajen bolt 190, don haka ka kiyayi hannunka a kusurwar fanel ɗin da ke samar da wannan wuta, kwandansansa yana riƙe caji bayan an kashe. A kowane lokaci lamba ɗaya ce kawai ke kunne a kowane allo, ana zagayawa da saurin da ido ba ya kamawa. Fitilun filin da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa kuwa Bally ta ba kowacce nata SCR, wani ɗan makunnin lantarki marar motsi, shi kuma SCR idan ya kama ba ya saki sai wuta ta sauka sifili. Saboda haka dole ƙwaƙwalwa ta san daidai lokacin da wutar gari ke ratsa sifili, sau 120 a daƙiƙa a Amurka, sau 100 a Turai da nan gida, domin ta sake kunna waɗanda ya kamata su ci gaba da haske. Wannan sigina daga layin bolt 43 na kwayil ake ɗebo ta. Ka riƙe wannan ma.

Me mai wasa ya samu a 1977? Tunani. A Eight Ball, ɗan wasa na ɗaya da na uku suna tara ƙwallayen sunuka 1 zuwa 7, na biyu da na huɗu 9 zuwa 15, kuma na'urar na riƙe wa kowa abin da ya tara har juyinsa ya dawo. A yau wannan ba komai ba ne, amma shi ya buɗe ƙofar wasa mai dogon zango, inda ƙwallo ta uku ke gina kan abin da ta farko ta fara.

Sauran gidajen

Stern, wadda Sam Stern da ɗansa Gary suka kafa a kan ragowar Chicago Coin, kusan kwafar fanel ɗin Bally ta yi, har yawancin fanel ɗinsu suna shiga gurbin juna. Wannan alheri ne gare ka wajen neman kayan gyara. Williams ita ma 6800 ta ɗauka, amma ta raba aikin gida biyu ta haɗa su da soket mai ƙafa 40, kuma wannan soket shi ne ciwon kan duk wanda ya gaji na'urarta: dalmar ƙafafun ta tsage, na'ura ta riƙa suma tana farfaɗowa. Gottlieb ta miƙa aikin ga kamfanin Rockwell, aka yi mata ƙira da wasu ai-si na musamman masu ƙafafu a baje da makanikai ke kira gizo-gizo, da allunan lamba masu shuɗin haske. Ai-sin nan an daina yin su tuntuni, ga kuma raunin haɗin wayar ƙasa tsakanin fanel da fanel, wanda kan sa taransista ya kama shi kaɗai ya ƙone kwayil. A 1980 ta koma 6502. Atari ta yi filaye masu faɗi, ta yi Hercules a 1979 wadda girmanta ya sa da ƙwallon sunuka ake buga ta, sannan ta bar sana'ar. A Turai akwai Zaccaria ta Bolonya a Italiya mai amfani da Signetics 2650. Na gyara kaɗan daga cikinsu, zanensu da kyau, amma Gottlieb da Zaccaria ba zan yi maka bugun ƙirji a kansu ba kamar yadda zan yi a kan Bally.

Daɗin wasan ya biyo baya da gudu. Bally ta sa sautin lantarki a Lost World a 1978. A 1979 Steve Ritchie ya yi wa Williams Flash, mai sautin da ke tashi yana ƙara tsini muddin ƙwallo na raye, ya sa zuciyar mai wasa ta riƙa bugawa tare da shi. A ƙarshen shekarar Gorgar ta yi magana, kalma bakwai kacal ta sani. Firepower ta 1980 ta kawo wa na'urorin fanel ƙwallo uku a fili lokaci guda da sauya fitilar layi da maɓallin filifa, Black Knight ta zo da fili hawa biyu da maganaɗisun ceton ƙwallo, Xenon ta Bally ta yi magana da muryar mace, ta Suzanne Ciani. Maki ya yi yawa har lamba shida ta kasa, aka koma bakwai. Sai dai ai-sin da ya ɗaga pinbol shi ya haifi kishiyarta. Space Invaders ta fito 1978, Asteroids 1979, Pac-Man 1980: akwati mai talabijin, ba roba mai tsinkewa, ba kwayil mai ƙonewa, ga shi bai cin wuri. 'Yan kasuwa suka juya, cinikin pinbol ya faɗi warwas a farkon shekarun 1980, kuma a 1988 Williams ta saye sashen pinbol na Bally.

Mu koma kan ƙyaftawa shida

Injiniyoyin Bally sun san makanikansu ba su da kayan awo masu tsada, sai suka sa fanel ya riƙa gwada kansa yana ba da rahoto da 'yar fitilar nan. Da ka kunna za ta ɗan yi wal, wannan ba a ƙirga shi. Ƙyaftawa ta ɗaya, ai-sin dokoki lafiya. Ta biyu, 6810. Ta uku, 5101. Ta huɗu da ta biyar, ƙofofin nan biyu. Ta shida, agogon da ke zagaya allunan lamba. Ta bakwai, siginar ratsa sifili. Idan da gaske shida ka ƙirga ban da wal ɗin farko, to ƙwaƙwalwa da duk manyan ai-si sun ci jarrabawa, bolt 5 yana nan, taransifoma kuma an saita ta daidai da wutarmu, wanda ba abin mamaki ba ne tunda daga Turai ta zo. Abin da ta rasa shi ne sigina daga bolt 43. A mafi yawan waɗanda na gani da wannan alama, fis ne: F4, mai amfiya 5, a kan ƙaramin fanel ɗin da ke jikin taransifoma. Cire shi ka auna da mita, kada ka yarda da ido, ka kuma duba 'yan maƙallan da ke riƙe shi, sukan yi tsatsa su saki.

Amma fis ba ya mutuwa haka kawai, kuma don Allah kada a naɗa masa waya irin yadda aka saba. Kafin ka sa sabo, ɗaga fili ka bi kwayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda takardarsa ta yi baƙi, ko sandarsa ba ta shiga ta fita a sake, ya ƙone, kuma kusan tabbas taransistan da ke tuƙa shi ya mutu a kunne. Auna kowane kwayil. Wanda ya nuna kusan sifili ya haɗe. Taransistocin TIP102 yana maye gurbinsu. Auna kuma burij ɗin da ke gyara wutar 43 ɗin. Kowane kwayil da diyod a bakinsa, 1N4004 ya isa, kuma ɓangaren zobe yana kallon wayar da ke kawo wuta. A watannina na farko na taɓa sauya kwayil ɗin bamfa, wato abin nan mai kama da lema da ke tunkuɗe ƙwallo idan ta taɓa shi, na juya wayoyin. Ina kunnawa, ina fara wasa, ƙwallo na taɓa bamfar na ji ɗas, ga ɗan hayaƙi daga kan na'ura. Diyod ya tafi, taransista ya bi shi. Maigidana bai ce uffan ba, ya miƙo mini fensir ya ce daga yau kafin in cire waya in zana inda take. Har yau ina yi, sai dai yanzu da kyamarar waya.

Idan fis lafiya, 43 na fita daga fanel ɗin wuta amma bai isa babban fanel ba, to soket ne. Soket-soket ɗin nan sun haura shekara 45, ƙafafunsu sun gaji, wasu robarsu ta yi launin toka saboda zafi. Sauya ƙafafun ya fi fesa musu mai.

Sai batir, wanda shi ne ainihin makashin waɗannan fanel. Bally ta manna batir mai caji a gindin babban fanel, ba wanda ya zaci na'urar za ta wuce shekara biyar tana aiki. Da ya tsufa sai ya riƙa fitar da gishiri mai cin tagulla. Duba kewayensa da fitila: idan ka ga ƙafafun kaya sun yi kore ko toka-toka, dalma ta dushe ba ta ƙyalli, ya fara. Yanke shi yau, ko da bai zubo ba, na'urar za ta tashi ba shi, lissafi kawai za ta riƙa mantawa. Abin da ke zubowa ɗan'uwan kanwa ne, ba asid ba, don haka da ruwan khal da aka surka rabi da rabi ake wanke shi da buroshin haƙori, a ɗauraye, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai. Duk abin da ya taɓa a sauya shi, har da soket ɗin ai-si. Daga baya ka sa gidan batir AA nesa da fanel, da diyod mai hana caji komawa cikinsu. Babban kwandansan da ke tace wutar da ake fitar da bolt 5 daga gare ta, shi ma sauya shi ba tare da shawara ba.

Abu ɗaya da hannun mai gyaran tsofaffin kaya ke saurin yi: goge bakin makunni da zarto ko sanfefa. A nan kuskure ne. Makunnan fili ruwan zinariya ne a bakinsu, domin 'yar wuta kaɗan ke ratsa su, idan ka kankare shi sun lalace ke nan. Sa guntun kati mai tsabta tsakaninsu, matse, ja. Na filifa kaɗai, masu ɗaukar wuta mai yawa, ake gogewa da zarto. Da ƙurar hunturun Kano za ka riƙa yin wannan akai-akai, kuma kada a bar ta ba gilashi ko a inda rana ke dukan zanen kanta. Wuta kuma, ta Nefa ko ta janareto, sai ta bayan sitabilaiza.

Iyakata ita ce hannuna bai taɓa na'urarka ba, kuma na sha ganin wanda ya ƙirga wal ɗin farko a cikin lissafi, ya ce shida alhali biyar ne, wanda kuma wani ciwo ne daban. Sake ƙirgawa a cikin duhu sau biyu ko uku. Taransista, diyod, kwandansa da fis duk za ka samu a Sabon Gari. Robobin fili, ƙwallo sabuwa, allon lamba idan ya mutu, da su 6821 da 5101, waɗannan sai an yi odarsu daga waje. Idan ma gishirin batir ya cinye fanel ɗin fiye da gyara, akwai sababbi da ake ƙerawa yau, irin na Alltek, masu ɗauke da dokokin na'urorin Bally da Stern na wannan zamani, ka zaɓi taka da 'yan makunnai. Abin da ba ya sayuwa cikin sauƙi shi ne katakon fili da gilashin kai, don haka su za ka fara dubawa kafin ka faɗa wa maigida nawa zai kashe. Idan fentin fili bai ci har katako ya fito ba, gilashin kuma bai ɓare ba, ka ce masa ta cancanci gyara. Ka auna F4, ka ɗauki hoton gindin babban fanel wajen batir, ka turo mini mu ga abin da ya rage.